Wata Biyu a Jere

A shekarar da na gama jami'a na dawo gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa abin ya faru. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, duk inda ka zauna zancen hukunci ake yi, har a teburin mai shayi. Garinmu ƙarami ne, yana gefen hanyar Baure zuwa Babban Mutum. Masallaci ɗaya ne a unguwarmu, in mutum ya yi tari a sahun baya Liman ya san ko wane ne. Zan faɗi abin da na gani da idona. Inda ji na yi zan ce ji na yi, domin an daɗe, kuma ban cika amincewa da tunanina ba.

Yayana direba ne, shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar awaki da buhunan gero zuwa kasuwannin ƙauye. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, Yaya ne ya riƙe gidan, da motar nan aka yi mini karatu. Mutum ne mai tsantseni har ya so ya yi yawa. In zai tashi mota sai ya zagaya ta, ya daddaki tayoyi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi saboda kaji. Kowa ya san shi da haka, har tsokanarsa ake yi.

Ranar nan bai leƙa ba. Kaka ce, ana zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa. Ya dawo cin abincin rana ya bar motar a ƙofar gida, sai aka aiko ana jiransa a gona za a kwaso dammunan gero. Ya fito da sauri ya shiga ya ja da baya. 'Yar maƙwabcinmu, yarinyar da ba ta fi shekara uku ba, ta shiga inuwar ƙarƙashin motar barci ya ɗauke ta. Ina cikin zaure a lokacin. Ban ji kukan yarinyar ba, ina jin ma ba ta yi ba. Muryar Yaya na ji, wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakin namiji ba. Ba zan bayyana abin da na tarar ba. Kafin rana ta faɗi an kai ta makwancinta.

Uban yarinyar shi ne ladanin masallacinmu. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa.

'Yan sanda suka tafi Baure da Yaya da motar. Washegari Ladan ya hau kekensa ya bi su, ya ce shi bai kai ƙarar kowa ba. Da maganar ta je gaban alƙali ni na raka Yaya. Alƙali ya yi wa Ladan bayanin diyya a tsanake, ya ce hakkinsa ne da na matarsa, kada kunyar maƙwabtaka ta hana shi karɓa. Ladan yana kallon ƙasa ya ce, "Allah gafarta Malam, kwananta ne ya ƙare. Mun yafe, ni da uwarta." Ban sani ba ko ya tambayi uwar kafin ya faɗi haka. Wasu sun ce ya tambaya, wasu sun ce a'a. Alƙali ya juyo ga Yaya ya ce hakkin mutane ya sauka daga kansa, saura na Allah, wato kaffarar kisan kuskure: azumin wata biyu a jere, ba a tsallake ko yini ɗaya.

A gari aka yi ta yabon Ladan, aka ce Yaya ya auna arziki. Shi kuwa a hanyarmu ta dawowa maganar da ya yi mini ɗaya ce. Ya ce, "Da ma ɗaure ni suka yi."

Ya ce kada a dawo unguwa da motar, aka sayar da ita a can. Ya daina fitowa ciyayya, inda magidantan layinmu suke fito da kwanukansu bayan magariba a ci tare. Ya daina zuwa masallaci. Ba wanda ya tambaye shi dalili, don kowa ya sani. Sau biyar a yini muryar Ladan take tsallako katanga ta same shi a ɗaki. Kwanakin farko mutane sun zo jaje. Bayan nan sai suka yi abin da muke yi in muna jin nauyin mutum, suka bar zancen gaba ɗaya, har in sun hango shi su sauya hira. Na yi imani kara ce suka yi masa. Shi kuma ina zaton ya ɗauka gudunsa ake yi.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta da hanyar da za ta bi ta kansa. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi. Tun da nake ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Sai dai ta kira ni ta ce, "Auta, je ka ga ko mutumin ɗakin can ya sa wani abu a bakinsa."

Azumin Ramalana ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar Sallah. Da watan da ke zuwa kafin na Layya ya kama, Yaya ya ɗauki kaffararsa bai shawarci kowa ba. Ya yi nisa, ya haura wata guda, sai ga Babbar Sallah, ranar da azumi yake haramun. Ya sha ruwa a kwanakin Sallar, ya ci gaba. Sai wani matashi cikin masu sabon karatu ya shigo yi masa barka da Sallah. Ban ga mugunta a fuskar yaron ba, ina jin taimako yake nufi. Ya ce, "Ai Yaya da ka tambaya. Sallah ta yanke maka jerin, sai dai ka sake daga farko."

Bayan ya fita Yaya ya tambaye ni. Na ce ban sani ba, ni ba wannan na karanta ba, mu je wurin Liman. Ya ce ba zai iya ba, a kan buzu ɗaya Liman da Ladan suke yini. Na tafi ni kaɗai. Liman ya ce tunda ba da gangan ya auka cikin Sallar ba, bai lura ba ne, malamai sun yi sauƙi a kan wannan, ya rama kwanakin a jere ya ɗora. Na dawo da amsar ina murna.

Yaya ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Sauƙi. Ita an yi mata sauƙi?"

Washegari ya koma farko.

Daga nan abin ya zama wani ciwo na daban. Bazara ta shigo, irin wadda ko ruwan randa ɗumi yake yi. Yaya zai yi mako biyu ko uku, sai ya ce yana kurkurar baki a alwala ruwa ya wuce masa. Ya koma farko. Ya sake yin nisa, sai ya ce bai tabbata ya ɗaura niyya daren jiya ba. Ya koma farko. Wata rana jini ya gani a asuwakinsa. Wata rana kuma ya ce kamar an riga an kira asalatu lomar ƙarshe tana bakinsa. Ban san sau nawa ya sake ba, matarsa ma ta ce ta daina riƙewa. Da farko na ɗauka tsantseninsa ne na kullum. Daga baya na fara zargin, ko da yake ba ni da tabbas, cewa ba ya son ya gama ne. In ya gama, shi ke nan an ce ya biya, shi kuwa bai ga abin da ya biya ba.

Magariba ta fi komai wuya. Kiran Ladan ne ke ba shi izinin shan ruwa. Na sha ganin sa zaune da kofi a hannu, an kira salla, an idar, har an watse daga ciyayya, bai kai bakinsa ba.

Ya rame har rigunansa suka zama kamar na aro. Ya fara riƙe ciki in zai miƙe. Wata safiya matarsa ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini abin da ya amayar, baƙi ƙirin da gudajin jini. Ni da ita da can ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ranar ko gaisawa ba mu yi ba. Muka kai shi asibiti a Baure a bayan babur, ina riƙe da shi ta baya. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce gyambon ciki ne ya yi nisa, in ya ci gaba da barin cikinsa haka zai iya ɓulewa, kuma in ya ɓule a ƙauye ba lalle ne a iso da shi da rai ba. Yaya ya ce to. Ya sha maganin da daddare, gari ya waye yana azumi.

A ranar ne Inna ta ɗauki mayafinta ta fita, ita da ba ta zuwa ko'ina sai biki ko gaisuwar mutuwa. Gidan Liman ta shiga, wurin uwargidansa. Abin da aka gaya mini ta faɗa shi ne, "A gaya wa Malam, in ba a yi wani abu ba za a sake fitar da gawa daga layin nan."

Bayan la'asar Liman ya zo zaurenmu. Tsoho ne, manomi kamar kowa, da safe yana gona, da yamma yana biya wa magidanta littafi. Ya zo da mutum biyu. Ɗaya taubashin Yaya ne, ɗan kawunmu, dillalin shanu mai ƙiba da yawan surutu, wanda tun suna yara ba ya ganin Yaya ya ƙyale shi. Ɗayan wani dattijo ne mai tufkar igiya, wanda ya girmi Liman ma, hannunsa yana rawa, kowa Baba yake ce masa. Na shiga na kira Yaya. Ya daɗe kafin ya fito, ya tsuguna can bakin ƙofa.

Liman ya ce, "Kana azumi yau?"

"Ina yi, Malam."

"Ina aka kai?"

Yaya ya ce, "Na fari ne."

Taubashin ya ce, "Mutum tun Layya yana na fari. Ko jakin Baba ya fi ka sauri."

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗar Yaya ta ɗan sauka. An daɗe ba a yi masa magana irin ta da ba.

Liman ya ce, "Saurara. Alƙali ya ɗora maka wata biyu. Kai ka ɗora wa kanka abin da ba shi da ƙarshe, wannan kuwa ba Allah ne ya ce ba. Yau da magariba za ka sha ruwa ka ajiye azumin nan. Ka sha maganinka sai mutumin asibiti ya ce cikinka zai ɗauka. Daga nan mu jira tsayuwar wata. Daren da ya tsaya za ka yi niyya a gabana, sau ɗaya, ta ishe ka har ƙarshe. Ba ruwanka da ƙirga. Wata zai ƙirga maka."

Yaya ya ce, "In kuma ya karye, Malam?"

"Ba kai za ka faɗa ba. Kai yanzu ba a karɓar shaidarka a kan kanka. Kullum mutum ɗaya daga jama'a zai tashi da azumi tare da kai, ku yini tare tun daga asuba har ku sha ruwa. In zuciyarka ta raya maka wani abu ka gaya masa. In ya ce bai gani ba, to bai faru ba. In ya rasa ta cewa ku zo wurina."

"Malam, damina za ta riske mu. Mutane suna noma. Don me zan ɗora musu laifina?"

"Nafila za su yi. Ladansu ba a aljihunka yake ba, kada ka hana su."

Taubashin ya ce, "Ni fa Malam ba a shawarce ni ba. Ni da ko Ramalana sai da rarrashi."

Baba ya ce, "Kai za ka fara."

Liman ya so a riƙa shan ruwan a rumfar masallaci. Yaya ya roƙe shi, ya ce ko'ina ban da can. Liman ya dube shi ya ce to, a zauren nan. Da zai tashi ya ƙara da cewa kada wanda ya kuskura ya tunkari Ladan da wannan magana. Ya ce mutumin ya riga ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, ba za a sake neman komai a wurinsa ba.

Haka aka yi. Yaya ya ɗan murmure, ruwa ya sauka, aka yi shuka, watan ya tsaya. Ba a yi wani tsari na musamman ba. In an idar da isha sai Liman ya juyo ya ce, "Gobe wa?" Wani ya ce, "Ni." Wani lokaci akan daɗe kafin a samu mai amsawa. Amma ban tuna daren da aka tashi ba a samu ba.

Ba kowa ne ya yarda ba, kuma bai kamata in ɓoye wannan ba. Wasu cikin matasa sun ce ba su taɓa jin ana taya mutum kaffara ba, ƙirƙira ce. Liman ya ce ba taya shi ake yi ba, nasa daban nasu daban, zama kawai ake yi da shi. Wani magidanci kuma ya faɗa a fili cewa ana ta lallashin wanda ya yi kisa, alhali gidan da aka yi wa rashin ya watse. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren. Matar Ladan ta tafi gidan iyayenta wajen Dutsi tun kafin damina. An ce ta ce ba za ta iya ci gaba da fitowa tana ganin ƙofar gidanmu ba. Ladan shi yake dafa wa kansa, ko 'yar'uwarsa ta aiko masa. Har yau ban san amsar da ta dace da maganar magidancin nan ba.

Baba ya ɗauki kowace Litinin da Alhamis, ya ce da ma yana yi. A ranakunsa ba a zuwa gona. Sai su zauna a zaure ya zube rama a gabansu, yana nuna wa Yaya yadda ake murzawa a cinya. Sukan yini ba su yi maganar kirki ba. A ranakun taubashin kuwa tun daga nesa za ka ji su. Yana nishi a kan kunya yana cewa, "Kai dai Allah ya isa tsakanina da kai. Dubi yadda wandona yake zamewa. In matata ta ƙi ni kai za ka nemo mini wata."

Ni ma na karɓi nawa ranakun. Akwai wadda ba na mantawa. Muna maimai a gonarmu ta bayan gari, gero ya kai gwiwa, hadari yana haɗuwa ta gabas. Yaya yana gaba ina biye, hauyarsa tana sauka a hankali. Ya tsaya ya ce ƙasa ta faɗa masa a baki, yana jin ya haɗiye. Na ce ina bayansa tun ɗazu, ban ga haka ba. Ya dube ni kamar zai yi musu, sai ya tofar da yawu ya ci gaba. Mun kusa kai ƙarshen kunyar ya sake tsayawa, bai juyo ba.

Ya ce, "Na ji a sitiyari, ka sani. Na ɗauka dutse ne. Har na ƙara taka mai."

Ban taɓa jin ya yi zancen ranar ba sai lokacin. Duk abin da ya zo mini in faɗa, ƙaddara ce, kuskure ne, an riga an gaya masa sau da yawa. Na matsa na tsaya kusa da shi kawai. Muka tsaya a haka har yayyafi ya fara, sannan muka saɓa hauyoyinmu muka nufi gida, yana rufe bakinsa da hannun riga.

Daga baya na ji cewa ba ni kaɗai ya gaya wa ba. Ya faɗa wa Baba, ya faɗa wa wani tela da ya yini da shi, kowa da ɗan guntun da ya samu. Ba wanda ya kai zancen waje a lokacin. Ina ganin, ko da yake ni ba masanin wannan fanni ba ne, abin da ya fi yi masa amfani ke nan, ya faɗi abin da bakinsa kuma washegari mutumin ya sake gaishe shi.

Watan farko ya ƙare, na biyu ya kama, aka shiga marka. Lokacin ne rumbuna suke yin ƙasa, wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya. Duk da haka kowane mai rana yakan sa a kawo ɗan abin buɗa-baki daga gidansa, kunu ko fura, a haɗa da namu. Da magariba in Ladan ya kira salla, abokin yinin yakan ɗauki kofi ya riƙe bai sha ba, ya ce, "Bismilla, kai nake jira." Yaya ba ya iya barin mutum da ƙishirwa saboda shi, sai ya sha. Cikin ya tashi masa sau da dama. Akwai yinin da ya kwanta yana murƙususu, Liman ya zo da kansa ya ce ya sha ruwa da magani, rashin lafiya ba ya yanke jeri, zai rama a ƙarshe. Yaya ya yi gardama, Liman ya ce, "Ni na ce. In akwai laifi a wuyana." Ya sha yana hawaye.

Daren da ake duban wata na uku gari ya rufe da hadari, ba a ga komai ba. Liman ya sa aka cika watan, aka ɗora ramuwar da ake bin sa, sannan bayan wata isha ya juyo, maimakon tambayar da ya saba, ya ce, "Gobe ba kowa. An gama."

Da asuba ina fitowa daga masallaci Ladan ya tsayar da ni. Tun ranar kotu ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Yana naɗe wayar lasifika a hannunsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "An ce ya gama."

Na ce, "Haka Malam ya ce."

Ya ce, "Ka gaya masa ya ci abinci. Ni ba zan iya gaya masa ba. Na gwada, ƙafata ba ta zuwa." Ya juya ya shige masallaci.

Da hantsi aka taru a zaurenmu, Liman da Baba da taubashin da wasu daga cikin waɗanda suka yini da shi. Liman ya ce yana so Yaya ya ci abinci da rana a gaban mutane. Aka fito da kunu a ƙwarya, da ludayi a kai. Yaya ya fito ya zauna. Tun daga yadda ya zauna na san akwai magana.

Ya ce, "Malam, akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da ruwa ya kama mu a hanyar fadama, ya shiga bakina. Na tabbata ya wuce. Yau ma da azumi na tashi."

Matarsa tana bayan ƙofa, na ji ta ja numfashi. Liman ya ce, "Ranar wa ce?"

Taubashin ya ce, "Tawa ce. Malam, mutumin nan buhu ya kifa a kansa tun daga fadama har gida, ko hancinsa ban gani ba. Ni ne ma na buɗe baki ina zaginsa. In ruwa ya karya na wani, nawa ya karya."

Yaya ya ce, "Ba ka gani ba ne."

"To ai shi ke nan. Malam ya ce in ban gani ba bai faru ba."

Yaya ya girgiza kai. Ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, a bar shi ya sake, wannan karon shi kaɗai, ba sai an wahalar da kowa ba. Na fara jin cewa duk abin da aka yi ya tashi a banza, kuma bazara mai zuwa ba za ta bar shi ba.

Baba ne ya yi magana. Ya ce, "To. In an sake, Litinin da Alhamis nawa ne." Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna tela. "Kai fa?"

Tela ya ce, "Talata."

Taubashin ya ce, "Ku kashe ni kawai ku huta. Laraba."

Yaya ya ce, "Na ce ni kaɗai."

Liman ya ce, "Wannan kuma ya wuce. Ba mai hana ka sakewa. Amma ka dubi Baba da kyau kafin ka ce a sake."

Yaya ya dube shi. Tsohon ya faɗa sosai a watannin nan, ƙasusuwan wuyansa sun fito, ni ma sai a lokacin na lura. Na ga in ban faɗi saƙon da aka ba ni yanzu ba, ban san ranar da zan faɗa ba. Na matsa kusa na ce, "Yaya, Ladan ya tare ni da asuba. Ya ce in gaya maka ka ci abinci. Ya ce shi ba zai iya zuwa ya faɗa maka ba."

Na faɗa masa duka, har da rabin da ba shi da daɗi, don na ga in na rage zai gane.

Ban san wanne ne ya yi aiki ba, wuyan Baba ko saƙon Ladan, ko kuwa gajiya ce kawai. Yaya ya sunkuyar da kai. Sannan ya jawo ƙwaryar ya ɗauki ludayin. Ya sha kaɗan. Ya tashi da sauri ya fita bayan zaure, muka ji yana amai. Ba wanda ya motsa. Ya dawo yana share baki ya zauna inda ya tashi. Liman ya tura masa ƙwaryar, ya sake ɗauka.

Liman ya hana shi kowace irin nafila sai Ramalana ya zo, ya kuma ɗora wa taubashin cin abincin rana tare da shi. Taubashin ya ce wannan aikin kam ya iya.

Ba zan ce Yaya ya warke ba. Bai sake komawa farko ba, wannan na sani, kuma yana raye. Bayan an yi girbi ya fara zuwa masallaci, yana shiga in an tayar da salla, ya tsaya a ƙarshen sahun baya, ya fita da an yi sallama. Ciwon cikin bai rabu da shi ba, yaji da tsami sun haramta gare shi har yau. Shi da Ladan sukan gaisa in hanya ta haɗa su, gaisuwa gajera, kowa yana kallon gefe. Matar Ladan ba ta dawo ba. Da aka kira ni bautar ƙasa na tafi, da na dawo na tarar Ladan ya toshe ƙofar gidansa da ke kallon layinmu, ya fasa wata ta bayan gida.